Man Leɓen da Ƙawata Ta Ba Ni

Ɗarin bana ya shigo da wuri, tun ba a gama kai dawa rumbu ba. Kafin in ankara leɓen ɗiyata ya tsage, in ta yi dariya sai jini ya tsattsafo. Ranar kasuwar Galma na tafi neman man shanu. Na je gindin itacen da matan Fulani suka saba jera ƙorensu, na tarar da tsohuwa guda da ɗan curi kamar ƙwan zabo, shi ma wata ta riga ni. Tun shekarun da fari ya share garken mutane, man shanu ya koma abin da ake nema da roƙo. Teburan ƴan koli kuwa maƙil suke da ƙananan gwangwanaye, kore da ja da shuɗi, wannan an ce daga Sakkwato, wancan daga Abijan. Wani ɗan koli ya buɗe guda ya miƙo mini, ya ce, "Uwar gida, wanga shi ne maganin leɓe, shafa ki ji." Ban san lokacin da na ja da baya ba har na taka wa wata mata kashin albasarta. Ban tsufa ba, furfura ko ɗaya babu a kaina, amma in na tuna yadda muka tashi sai in ga kamar wata duniya ce aka naɗe aka jingine a bango. Ni da karatu kuwa, gwangwani irin wannan ne ya raba mu.

A da, safiyar ɗari da sauti take farawa. Taɓarya ta gidan maƙwabta, tarin tsofaffi masu dawowa daga masallaci, ƙarar karan dawa yana fashewa a wuta. Mu yara mukan fito a dunƙule cikin zannuwan iyayenmu mu kewaye wutar, kowa da baki fari fat kamar ya ci toka. Sai Kaka, uwar babana, ta fito da ɗan tandunta na fata da ke rataye a bakin gado. Shanunmu uku suna hannun wani Bafulatani mai kiwo, matarsa kuwa aminiyar Kaka ce, ba ta wuce gidanmu ba ta ajiye curin mai ba. Kaka takan raba shi biyu, na miya ta soya da albasa, na jiki ta narkar da shi zalla ta zuba a tandu. Takan kara tandun kusa da wuta har man ya saki, ta tsoma ɗan yatsa, ta bi mu ɗaya bayan ɗaya. Yatsanta da kaushi, amma in ya bi leɓenka sai ka ji kamar an rufe maka ƙofar da iska ke shigowa. Wanda ya lashe sai ta dungure masa kai, ta ce, "Harshe ɓarawo ne, shi ka sace ruwan leɓe. Miyau ba mai ba ne." Kowane mai da matsayinsa a wurinta. Man kaɗe da ƴan cin rani ke kawowa daga kudu, na faso ne da gwiwa, ya yi wa baki nauyi. Kitsen ragon layya na wanda ya rasa ne. Man gyaɗa kuwa baƙo ne da ba ya zama, kafin rana ta ɗaga ya tafi. Ƙa'idarta guda ce: abin da ba za ki iya haɗiyewa ba, kada ki kai shi baki. Daga nan sai rijiya, igiyar guga ta tsattsage mana hannu, sai kora awaki bayan gari. A can na san tumfafiya. Ko wace yarinya ta taɓa karya ganyenta don ta ga farin nonon yana ɗiga, kuma ko wace ta taɓa jin yadda yake cin tsagar hannu, da ɗacin da yake bari in an manta an kai yatsa baki.

Akwai kuma ƙawance, wanda yanzu ya zama abin banza. Yau yarinya ko wa ta gani sai ta ce kopin ɗinta ce, wai ƙawa ke nan da Faransanci, gobe su ɓata, jibi ta yi wata. Mu a lokacinmu ƙulla shi ake yi. Yarinya ta aika wa wadda take so goro da ɗan kallabi, in aka karɓa shi ke nan, daga ranar ba mai kiran sunan wata, sai dai "Ƙawa". Kyautar ƙawa ba a mayarwa, ba a ajiye ta sai an jima. In abin ci ne a gabanta za ki ci, in kallabi ne a gabanta za ki ɗaura. Abin da ya fi kowane muni shi ne a ga kin juya kyautar kina dubawa, ko kin kai ta hanci. Wadda ta shinshina kyautar ƙawarta ta ce da ita mayya ke nan a bainar jama'a, kuma har iyaye sai sun shiga maganar. Da wannan muka girma, ya zauna mana a jiki kamar yadda ba a miƙa wa babba abu da hagu.

Ni kaɗai ce mace da ta ci jarrabawar shiga kolej a lakkwal ɗinmu, makarantar bokon ƙauyenmu, a wannan shekara. Baba bai so ba. Mushe, malamin lakkwal ɗin, ya yi ta zarya gidanmu har Baba ya gaji ya yarda, amma da sharaɗi. Ranar da zan tafi Madawa, inda kolej ɗin yake, ya kira ni zaure, bai dube ni ba, ya ce, "Birni ya ci ɗiyan mutane da yawa. Rana guda in ji magana maras daɗi bisa kanki, karatu ya ƙare. Ba ni tambaya, ba ni bincike." Na ce na ji. Aka sauke ni gidan wani Alhaji mai fataucin albasa, abokin Baba tun suna samari. A gidan akwai matarsa Hajiya, da ɗiyarsu Balki wadda aka sa mu aji guda. Kaka ta cusa mini ƙaramin tandu cikin kayana ta ce in ɗari ya zo kada in yi wasa.

Ina son karatun nan kamar raina. Ina son ƙamshin sabon kaye, littafin rubutunmu, ina son a kira ni allo. Shara da wanke-wanke da ɗaukar ruwan gidan Alhaji duk ba su dame ni ba, don na san da na gama zan ɗauki littafi. Da ɗarin farko ya zo na shafa man Kaka na tafi aji, ƴan matan birni suka toshe hanci. "Wa ya shigo da ruga cikin klas?" Aka bushe da dariya. Su basilin suke shafawa, mai ruwan zuma, cikin ƴan gwangwanaye da suke ɓoyewa a bakin zane. Balki ce ta tsaya mini ranar. Ta ce duk wadda ta sake taɓa ni da ita take yi. Bayan kwana kaɗan ta ajiye mini goro da kallabi bisa tabarmata. Na yi kuka don daɗi. Ƴar birni, ɗiyar Alhaji, ta zaɓe ni ni baƙauya. Na ɗaura kallabin a gabanta, na daina kiran sunanta.

Shekara ta farko ta wuce lafiya, ta biyu ma haka. Abin da ya ɓata shi ne bakin Alhaji. Duk sa'ad da aka ba da sakamako sai ya tara mu tsakar gida ya ce da Balki, "Dubi wagga, ita ka share miki ɗaki, ita ka ɗauko miki ruwan wanka, kuma ita ka gabanki. Ke mi kika yi, ban da gyaran goshi?" Ni sai in sunkuyar da kai, ita ta yi dariya ta ce, "Baba, ai ƙawata ce, in ta ci ni na ci." Na yarda da wannan dariyar. A shekara ta uku Balki ta faɗi ƙasa sosai, Alhaji ya rantse a gaban baƙinsa cewa in haka ta ci gaba ni zai ɗauki nauyin karatuna har babbar makarantar Tawa, ita ta zauna ta koyi tuwo.

Ɗarin shekarar ya yi tsanani. Man tanduna ya ƙare, leɓena ya tsage har ba na iya buɗe baki sosai in an kira ni karatu. Na aika gida a kawo mini wani, ban samu mai zuwa ba tukuna. Wata safiya muna shirin fita, ƴan matan maƙwabta sun tsaya jiranmu a tsakar gida, Hajiya na bakin murhu, sai Balki ta fito da hannu a dunƙule.

"Ƙawa, rufe ido."

Na rufe. Ta sa mini abu mai sanyi a tafin hannu. Gwangwanin basilin ne, irin wanda na daɗe ina kallo a hannun wasu.

"Na gaji da ganin bakinki awa gonar da ruwa ya janye," in ji ta. "Yau dai ki huta da warin ruga."

Ƴan matan suka yi guɗa ta wasa. Ɗaya ta ce, "Baƙauya ta waye!" Na buɗe murfin. Man ba ruwan zuma ba ne, fari ne dususu kamar an dama shi, kuma turare na tashi daga gare shi tun daga nesa. Balki ta ce, "Sabon iri ne, daga Najeriya anka kawo shi. Shafa mana mu gani." Ido biyar ko shida a kaina, har da na Hajiya. Hannuna ya so ya kai gwangwanin hanci, na danne shi. Na lakato na shafa.

"Haba, ƙara. Ni ba ni yi miki rowa."

Na ƙara, na cika tsagogin da shi. Kafin mu kai bakin titi na ji ɗacin ya gangaro kan harshena, ɗacin da na sani tun ina bin awaki. Nonon tumfafiya ne aka dama cikin man. Na goge da bakin kallabi, amma ya riga ya shiga inda fata ta buɗe. Na dubi Balki. Tana gaba tana ba ƴan matan labari, ko waiwayowa ba ta yi ba.

A aji bakina ya kama wuta. Kafin a fita hutun safe leɓena ya kumbura ya juye waje, miyau na zuba ban iya tsayar da shi. Mushen ajinmu ya ce in koma gida. Washegari ƙuraje suka fito suka fashe, gefen bakin duk ya zama gyambo. Na je wurin Hajiya, da ƙyar nake haɗa kalma, na ce man nan ne, tumfafiya ce a ciki. Na duba inda na ajiye gwangwanin, babu shi. Hajiya ta ƙwala wa Balki kira. Ta fito da gwangwani iri ɗaya sak, ta buɗe, man ciki garau mai ruwan zuma. Ta lakata ta shafa a nata leɓen, ta lashe, ta ce, "Ga shi, Inna. Wanga ne na ba ta." Sannan ta sa kuka. Cikin kukan ta ce ita ba ta so ta faɗa ba saboda ƙawance, amma ta sha ganina bayan tasha da wani yaron kamiyo, babbar motar kaya.

Hajiya ta ja zanenta ta matsa daga kusa da ni. "To, ciwon ƴan tasha ne. Shi ka fita ga baki haka." Na roƙe ta a kai ni dispanser, ƙaramin asibiti, majo mai ba da magani ya duba. Ta ce, "In kai ki, gari duka shi ji abin da ke kwana cikin gidana? Ina da ɗiya budurwa." Ta ware mini kwano da moɗa. Alhaji yana kan hanya da kayansa, ba a jira shi ba. Aka ɗora ni bayan kamiyon albasa, na rufe rabin fuskata da kallabin da Balki ta ba ni, don shi kaɗai ne a hannuna.

Magana ta riga ni isa. Baba bai buge ni ba, da ma ya buga. Ya dubi bakina sau guda ya ce, "Na hwaɗa miki." Kaka ta zaunar da ni ta wanke gyambon da ruwan ɗumi, ta yi ta bin sa da man shanu safe da yamma. Ta samu Baba ta ce ƙunar tumfafiya ce, ta rantse masa. Ina jin su daga ɗaki. Ya ce, "Inna, ko gaskiya ce, in tahi in ce wa mutumin da ya ciyar da ɗiyata shekara da shekaru ɗiyarshi ta sa mata dahi? Da wane baki?" Bakina ya warke kafin ɗari ya fita, ya bar mini farin tabo a leɓen ƙasa. Sunana bai warke ba. Mata a rijiya sukan ɗauraye guga in na taɓa. Kayena suna cikin akwati har gara ta cinye su. Kaka ta rasu ba ta ga an wanke ni ba. Baba har yau, ya tsufa, idonsa ya yi rauni, bai taɓa ce mini ya yarda ba, bai kuma taɓa cewa bai yarda ba. Wanda ya aure ni daga baya mutumin kirki ne, ɗan ƙanen Kaka, shi bai taɓa tambayata ba. Amma ni na san ajin da na bari, na san inda zan kai.

Farkon shekarar lakkwal ta bana mai gari ya kira maigidana. An turo sabuwar madam mai koyarwa, ba ta da aure, ba a son ta zauna ita kaɗai. Ya ce gidanmu ya fi dacewa tunda matar gidan ta yi kolej, za su fahimci juna. Maigidana ya zo ya tambaye ni, na ce ba komai, ɗakin kusa da rumbu a share yake. Ranar da amalanke ya sauke kayanta ina tankaɗe. Na ɗaga kai na ga Balki, da tabarau da jakar hannu. Na zauna a ƙasa cikin garin da nake tankaɗewa. Ita ba ta gane ni ba sai da idonta ya sauka kan tabon.

"Ƙawa?" ta ce, murya can ƙasa.

"Sannu da zuwa, Madam," na ce. "Kin sha hanya."

Maigidana ya so ya koma wurin mai gari da ya ji ko wace ce. Ni na hana. Na ce baƙon da aka ba mu amana ba a korarsa, mu ba haka gidanmu yake ba. Ba wani gidan da za ta koma ba tare da ta faɗi dalili ba, dalilin kuwa ba za ta iya faɗa ba. Ɗiyata ajin farko take, a hannunta. Kullum da safe in na ga ta bi bayanta da ɗan allonta, ba na samun natsuwa sai ta dawo na duba bakinta da idonta da hannuwanta. Ita tana riƙe da ɗiyata da safe. Ni ina riƙe da akushinta da maraice.

Ni nake tuƙa tuwon da take ci. Ni nake kaɗa miyar, ni nake dama furar. Ba na aiken kowa, da hannuna nake kai mata, in ajiye in ce, "Bisimilla, Madam," in koma bakin turmi in zauna inda za ta gan ni. Na ga ta kai loma hanci. Na ga ta gutsura wa kaza ta tsaya kallon kazar. Na ga tuwona a bayan rumbu an rufe shi da ƙasa. Ranar kasuwa takan sayo burodi da sardin ta ɓoye, amma kasuwa ba kullum take ci ba. Zanenta ya fara yi mata yawa. Mata na cewa ruwan ƙauye ne bai karɓi Madam ba. Ban taɓa sa mata komai ba, Allah shi ne shaida. Amma tumfafiya na nan bayan danga, ta kai tsayin mutum, maigidana ya ɗauko gatari zai sare na ce ya bar ta. Wani lokaci ina tuƙi sai in tsaya da muciya a hannu, ban san ko ita nake tsoro ba ko kaina.

Shekaranjiya da na ajiye akushin ta kama mini bakin zane.

"Ƙawa, don Allah. Ƙuruciya ce. Ban san abin zai kai haka ba."

"Wane abu, Madam?"



"Baba shina da rai," na ce. "Gidanshi ga shi can bayan masallaci, ba nisa. Ki tahi ki durƙusa gabanshi, a kira liman da matan rijiya, ki hwaɗi abin da kinka dama cikin gwangwani da abin da kinka ce bisa yaron kamiyo. Da bakinki. Ranar da kinka yi haka, ni da ke mu ci akushi guda."

"In na hwaɗi, wa zai sake ba ni ɗiyanshi in karantar? Aikina ke nan ya tahi."

"Na sani," na ce. "Ni ma nawa ya tahi."

Ta saki zanen. Na buɗe mata akushin, tururi ya tashi, miyar kuɓewa ce da na yi wa gyara sosai. Na ce ta ci kafin ya huce, na koma bakin turmi na zauna.

Har yau ba ta je wurin Baba ba. Ba na gaggawa. Lakkwal sai damina take rufewa, hatsi kuwa, alhamdulillahi, bana mun samu.